Idan Taki Ya Shiga Ruwan Sha, Kai Ƙara Cin Amana Ne?

Ya mai karatu, ba sai an koya maka darajar taki ba. A ƙasar Damargu, daga Tanut zuwa Gangara har Belbeji, gona rairayi ce, ta kuwa gaji da gero shekara bisa shekara. Manomin da garke ya kwana a gonarsa da rani, shi ne yakan ɗaure dammuna fiye da maƙwabtansa da kaka. Domin wannan ne kakanni suka riƙa roƙon Fulani da Buzaye su sauka a gonakinsu bayan girbi. Manomi ya ba da gero, dabbobi su ci kara, su bar masa taki. Mai jaki kuma yakan kwashe na turke cikin mangala, ya kai gona tun ruwan shuka bai sauka ba. Ba mai kiran taki ƙazanta sa'ad da yake a gona.

Amma taki ba ya zama inda aka ajiye shi. A ƙasarmu babu kogi mai gudu rani da damina. Abin da muke da shi tabki ne, da rijiya, da famfo a inda aka samu. Ruwan sama na wata uku ne ƙyar, in ya zo kuwa da ƙarfi yake zuwa. Ruwan fari yakan share dukan abin da rani ya tara a turke, da kasuwar dabbobi, da mahauta, da bakin rijiya, ya gangara da shi kwari. Ina ne kwarin? Nan ne tabkin da mata suke ɗiba, nan yara suke wanka.

Rijiya ma ba ta tsira ba. Ka tsaya wata rana a babbar rijiya lokacin shayarwa, ka duba da kyau. Raƙumi ko sa yana jan igiya, igiyar tana jan ƙasa cikin laka da kashin dabbobi, sa'an nan a mai da ita cikin rijiya duk da abin da ta kwaso. Ruwan da ya zube daga kwami ya kwanta kewaye da bakin rijiya, dabbobi su tattake shi, su yi fitsari a ciki. Idan bakin ba shi da gini mai tsayi, ko daɓen ya fashe, wannan ruwa yana komawa inda ya fito.

Cikin kashin dabbobi akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Saniya tana iya ɗauke da su tana lafiya lau, tana ba da nono. Ɗan maraƙi mai zawo ya fi kowa zubar da su, irin zawon nan kuwa yana kama yaro. Babba yakan yi ciwon ciki kwana biyu ya miƙe. Yaron da aka yaye cikin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ne yakan rame, idanu su faɗa, ya kasa tashi. Akwai kuma wani gishiri da taki da fitsari ke bari cikin ƙasa, masana suna ce da shi nitirat. Yana nitsewa a hankali har ya kai ruwan rijiya marar zurfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 cikin lita guda, gama yana hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata. Ba shi da launi, ba shi da wari, tafasa ruwa kuma ba ta fitar da shi.

To, ga tambayar da ta sa aka rubuta wannan takarda. A ce maƙwabcinka yana da tumaki da shanu na turke. Ya tara taki tsibi guda a kan tudu, daidai bisa hanyar ruwan da ke gangarawa tabki. Ko kuwa ya kafa garkensa kusa da bakin rijiyar unguwa domin sauƙin shayarwa. Ka gani da idonka, ka kuma san abin da zai biyo baya. Za ka yi shiru, ko za ka yi magana? In ka yi masa magana ya ƙi ji, ya halatta ka kai maganar gaban hukuma? Ko kuwa wannan shi ne cin amanar zaman tare?

Kada ka yi saurin amsawa. Masu yin shiru ba wawaye ba ne, suna da dalilansu. Tun muna yara aka koya mana cewa tsegumi mugun abu ne, mai kai suka kuwa ba a zama da shi. Gaskiya ne. Mutumin nan shi ya ara maka amalanke bara, matarsa ce ta zauna da matarka ranar haihuwa. Watakila mai hali ne, rabin unguwa suna cin bashin hatsi a hannunsa da bazara. Ga kuma tsoron hukuma, wanda ya daɗe a zuciyar talaka. Mutane sun saba cewa in ma'aikaci ya sauko ƙauye, tara ce ta zo, ba ta kuwa tsayawa a kan mai laifi kaɗai. Mu masu bi kuma muna da namu nauyi. A Damargu mu kima ne, gida ɗaya nan, gida biyu can. Uba yakan ce a ransa, in na buɗe baki za a ce Kirista ne ke neman mutane da fitina, gara in tafasa wa 'ya'yana ruwa, in bar sauran.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi kama da hikima, ita ce kuma ya kamata mu fi dubawa. Ka tafasa wa naka. Yaran gwauruwar da ke bayan gidanka fa, wadda ba ta da itace? Su ba su san abin da ka sani ba. Shirunka ya sayo maka zaman lafiya da maƙwabci, amma ba kai ne ka biya kuɗin ba. Wani yaro ne zai biya da cikinsa. Ba daidai ba ne mutum ya yi kirki da abin da ba nasa ba. Haƙuri a kan abin da ya cuce ka kai kaɗai, wannan naka ne, kana iya yinsa, yana kuwa da lada. Amma ba ka da ikon yafe cutar da za ta faɗa wa ɗan wani.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Cikin Littafin Firistoci sura 5, an lissafa mai shaidar da ya gani ko ya sani, aka nemi shaida ya ƙi faɗa, cikin masu ɗaukar alhaki. Cikin Maimaitawar Shari'a sura 23, an umarci jama'ar da ke zango su keɓe wuri a bayan zangon domin zagayawa, kowa kuma ya tona ya rufe. Annabi Ezekiyel ma, a sura 34, da ya so ya kwatanta zaluncin masu ƙarfi, misalin makiyaya ya ɗauko: tumaki masu ƙiba da suka sha ruwa mai kyau, suka gurɓata ragowar da ƙafafunsu, suka bar wa raunana. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tabki ya san wannan hoto.

Bari in ba ka labarin wani gari mai nisa, gama abin da ya faru can yana haskaka namu. Sunan garin Walkerton, a ƙasar Kanada, mutanensa wajen 5,000. A shekara ta 2000 wani manomi ya baza takin shanunsa a gona kusa da ɗaya daga cikin rijiyoyin da ke ba garin ruwan famfo. Ranar 12 ga Mayu aka yi ruwa mai yawa. Ƙwayoyin cuta daga takin suka shiga rijiyar, wadda ba ta da zurfi, maganin da ake sa wa ruwa kuwa bai kai yadda aka ƙayyade ba. Bayan 'yan kwanaki sakamakon awo ya iso hannun mai lura da ruwan garin, ya nuna ruwan ya ɓaci. Yara sun fara zawo da jini. Ma'aikatan lafiya suka tambaye shi, bai faɗa musu abin da awon ya nuna ba. Sai ranar 21 ga wata likitan hukuma ya yi shela da kansa cewa kowa ya tafasa ruwa. Mutum 7 suka mutu, wajen 2,300 suka kwanta.

Ka lura da abin da alƙalin da ya bi diddigin maganar ya samu. Bai ɗora wa manomin laifi ba, gama ya baza takinsa bisa ƙa'ida. Alhaki ya faɗa kan waɗanda suka yi sakaci da aikinsu, suka sani, suka ɓoye, da kuma gwamnatin da ba ta sa ido ba. Alƙalin ya ce da an faɗi gaskiya ranar da aka tambaya, da ɗaruruwan mutane ba su kamu ba. Ƙasar masu arziki ce, da injuna da likitoci. Ba kayan aiki suka rasa ba, bakin da zai faɗa aka rasa.

Ba ma sai mun je Kanada ba. Dattawa suna tune da kurkunu, yadda yakan kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin noma, a jihar Damagaram musamman. Da aka ƙidaya a 1991, an sami masu kurkunu fiye da 30,000 a Nijar. Babu allura, babu ƙwayar da ke kashe shi a jikin mutum. Da me aka ci shi? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyi, da kuma faɗa. A kowane ƙauye an sa mutum guda yana rubuta wanda kurkunu ya fito masa, yana kai wa ma'aikatan lafiya, ana kuma hana mai ciwon sa ƙafa cikin tabki. Ba wanda ya kira mai rubutun nan maci amana. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa kurkunu ya ƙare a Nijar. Yaran yau ba su san shi ba sai a labari.

Amma yanzu sai in juya, in ja maka kunne ta ɗaya gefen, gama nan ma akwai rami. Ba duk mai kai ƙara ne ke son ruwa mai tsabta ba. Wani yana da tsohuwar gaba a kan iyakar gona, ko maganar aure da ta lalace, sai ya ga tsibin taki ya ce ga sandar duka ta samu. Maganarsa gaskiya ce, zuciyarsa kuwa ba ta gaskiya ba ce. Ga yadda za ka gwada kanka. In maƙwabcin ya kwashe takin gobe da safe, ba wanda ya ji, ba a ci shi tara ba, bai sha kunya ba, ranka zai yi fari? In ka ji wani ɗan baƙin ciki cewa ya tsira da sauƙi, to, ba ruwan ne ya dame ka ba.

Hatsarin ya fi girma idan mai dabbobin baƙo ne. Da sauƙi ƙauye yakan haɗa baki a kan makiyayi mai wucewa, a ce Fulani ne suka ɓata mana tabki, alhali tumakin gari suna kwana a bakinsa shekara duka. Ƙasarmu ta ga inda irin wannan harshe yake kaiwa. A 1991, a Toda cikin jihar Maradi, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yaran Fulani. Damargu kuwa ƙofar ƙasar kiwo ce. Tun 1961 doka ta ja iyakar noma ta arewa, garkuna kuma suna ratsa mu hawa da sauka kowace shekara. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi hakkin yawo da dabbobinsa da hakkin kai su ga ruwa. Wanda ya fake da tsabta domin ya hana garke sha, shi ma ya yi zalunci. Abin da ake nema shi ne a raba mashaya: dabbobi ta wannan gefe, mutane ta wancan, kwami nesa da bakin rijiya. Ba korar kowa ake nema ba.

To, yaya za a yi? Ka fara da naka turke. Ka tsaya a bakinsa ka duba ina ruwa yake bi in an yi sama. Ma'aikatan tsabta sukan ce a bar mita 30 ko fiye tsakanin rijiya da turke ko salga, turken kuma ya kasance ta gangare, ba ta tudu ba. Wanda nasa awaki suke kwana a gindin rijiya ba shi da bakin yi wa wani magana.

Sa'an nan ka tafi wurin mutumin kai kaɗai, ba a kasuwa ba, ba a gaban 'ya'yansa ba. Wannan ita ce hanyar da Ubangiji Yesu ya shimfiɗa cikin Matiyu sura 18: da fari tsakaninku biyu, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai daga baya a kai gaban taro. A kan 'yan'uwa cikin ikkilisiya ya faɗe ta, amma hikimarta tana aiki ga kowane maƙwabci, Musulmi ko Kirista. Ka gaishe shi sosai, ka tambayi iyali da dabbobi. Kana iya cewa, “Baba, wata 'yar magana ce ta kawo ni. Takin nan naka dukiya ne, ina jin tsoro ruwan fari ya kwashe maka shi ya zuba a tabki. In ka yarda, ni da yarana mu zo da jaki ran Asabar mu kai maka shi gona.” Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuwa ƙwace masa girmansa ba. Sau da yawa mutum ba mugunta ce ta sa ya bar tsibin ba. Ba shi da amalanke, ko samarinsa sun tafi ci-rani Libiya ko Kano, ko kuwa bai taɓa haɗa zawon yara da takinsa ba. Maganar da ta zo tare da hannun taimako tana da wuyar ƙi.

Idan ya ƙi, ka nemi wanda yake jin nauyinsa, aboki ko liman ko dattijon zuriyarsu. In wannan ma bai yi ba, akwai mai gari, da kwamitin da ke lura da rijiya ko famfo. Kai magana wurin mai gari ba tsegumi ba ne, gama tun kafin zuwan Turawa shi ne mai tsaron ruwan gari. Bambancin tsegumi da shaida a fili yake. Mai tsegumi yana faɗa wa wanda ba zai iya gyara kome ba, a ɓoye, yana ƙarawa da gishiri. Mai shaida yana faɗa wa wanda gyaran ke hannunsa, iyakar abin da ya gani, zai kuwa iya maimaita shi a gaban mai laifin. Ya fi kyau ma ka gaya wa maƙwabcin tun da wuri cewa za ka je, kada ya ji a bakin wani.

Bayan mai gari akwai hukuma, kuma tana da doka a hannu. Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a a 1993, da dokar ruwa a 2010 wadda ta hana gurɓata ruwa, ta kuma tanadi a keɓe fili kewaye da wuraren ɗiban ruwan sha. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo, daga ƙauye har gunduma, inda manomi da makiyayi da sarakuna da ma'aikata suke zama tare a kan maganar gona da burtali da mashaya. Akwai ma'aikatan lafiya, da na kiwon dabbobi, da na ruwa a ƙaramar hukuma da kuma Tanut. Ba zan ruɗe ka ba, ba kullum ne za su zo da sauri ba. Hanya tana da nisa, mota ba ta da mai, wani lokaci kuma mai hali yana da dogon hannu. Kana iya yin abin da ke daidai, ka rasa aboki, takin kuma ya kwana inda yake. Amma maganar da mai gari da kwamitin ruwa da mata goma suka ɗauka tare ta fi ta mutum ɗaya nauyi, kuma ba a iya cewa gabar wane ce.

Wani zai tambaya, in na ji tsoro fa, in aika ba da sunana ba? Ga magidanci mai gona da rumbu, ina ganin gara ya tsaya da fuskarsa. Amma akwai barori da masu kiwon haya da gwauraye, waɗanda abincinsu ke hannun mai dabbobin. Irin waɗannan kada a ɗora musu abin da ba za su iya ɗauka ba. Su faɗa wa wanda ya fi su ƙarfi, shi ya ɗauki maganar ya rufa musu asiri. In an kawo maka irin wannan magana, kai ne aka ga kana da ƙarfin.

Akwai lokaci guda da ba a bin wannan tsani daki daki. Idan yara sun riga sun fara zawo gida biyu, gida uku, musamman in da jini ko amai, kada ka jira Asabar, kada ka jira dattawa su taru. A ranar nan ka gaya wa ma'aikacin lafiya, ka gaya wa matan da ke ɗiban ruwa. Ba ka bukatar ambaton sunan kowa. Ƙarar ruwan za ka kai, ba ƙarar mutum ba: wane tabki ne ko wace rijiya, yaushe aka yi sama, yara nawa suka kwanta, tun yaushe. Maganar wanda ya tara taki tana iya jira a yi ta cikin natsuwa. Yaron da ruwan jikinsa ke ƙarewa ba ya iya jira.

Ke kuma uwargida, ke ce kike fara gani, gama ke ce mai tulu, ke ce mai wanke zanen goyo. Kada ki ce maganar maza ce. Ki bar ruwa ya kwanta, ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki sa ƙwayar Aquatabs in ana samunta kusa. Ki sani dai ƙwayar ba ta aiki sosai cikin ruwa mai laka, kuma irin cutar da ke fitowa daga zawon maruƙa tana jure mata. Tafasa ce ke kashe wannan. Na san itace yana da wuya a Damargu, kara ma ana rabonsa da dabbobi. In ba zai ishi gida duka ba, ki tafasa na ƙananan yara da na mai jego, ki ajiye shi cikin tulu dabam mai murfi, da moɗarsa wadda ba ta taɓa ƙasa. Jariri kuwa da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ko da zafin bazara. In zawo ya kama yaro, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, kina kan hanyar asibiti.

Lokacin wannan magana duka bazara ne, watan Afrilu da Mayu, kafin hadari ya haɗu a gabas. A lokacin taki busasshe ne, ba shi da nauyi, jakai ba su da aiki, tabki kuma ya ƙafe har ana iya ganin hanyar da ruwa ke bi ya shiga. Nan ne za a kafa shingen ƙaya a gefen da mutane ke ɗiba, a gyara daɓen rijiya, a ja magudana daga kwami zuwa rami nesa, a kafa itace biyu da za a riƙa rataye igiya da guga. Takin da aka kwashe, a zuba shi cikin ramukan shuka ko a rufe shi da ƙasa, gama wanda aka watsa a fili bisa gangare ruwan fari zai sake ɗauke shi.